Gyaran Ƙosai da Kuɗin Haya

Lokacin da na shiga ƙungiyar 'yan matan kwalejinmu a Washington, cikin shekarun tamanin, asusunta ya rame har kana iya ƙirga haƙarƙarinsa. An ce da can ya yi ƙiba, amma biki da kwalliya suka tsotse shi. Abin da ya rage mana shi ne wani tsohon gida na haya kusa da makaranta. Ni da na baro Kafanchan don karatun nas, a gidan nan kaɗai ake tambayata ko na ci abinci. Sai ga mai gida ya ce in haya ba ta cika kafin Kirsimeti ba, mu kwashe komatsanmu.

Ma'ajiyarmu wata doguwar Ba'amurkiya ce, ita ƙungiya ta ba ni a matsayin yaya. Ta ce kowa ta sayar da abin da ta iya. Na sayo wake a unguwar Wheaton, na kafa kasko a ƙofar gida. Ƙamshin ƙosan nan, na tabbata har maƙwabciyar jihar Virginia an ji shi.

Da yamma Yaya ta leƙa gwangwanin ciniki, ta ɗago ta dube ni.

"Ƙanwata, layi har bakin titi, ina kuɗin?"

"Ga su nan kina gani."

"Ko kuɗin mai ba su kai ba! Mutum ya sayi uku, na ga kin ƙara masa biyu."

"Gyara ke nan, Yaya. A garinmu wa zai sallami mai saye haka kawai?"

"To, wancan mai hular da bai ba da ko sisi ba fa?"

"Ai ya gaishe ni."

Ta zube a kan matakala tana dariya har da hawaye. Can dariyar ta ƙare, hawayen bai tsaya ba. Ashe ita ma ba ta da wurin zuwa in an rufe gidan.

Washegari muka raba aiki: ni suya, ita miƙawa. Da hannuna ya zarce zai yi gyara, sai ta kwaɗe shi da ludayi. Ko gangar coci ba ta sha dukan da hannun nan ya sha ba.

Asusun bai sake yin ƙiba ba har muka gama karatu, kullum da ƙyar yake numfashi. Amma a waccan shekarar haya ta cika. Da mai gida ya karɓa ya tafi, muka baje a falo da rana tsaka, duk muna warin mai. Yaya ta jawo hannuna ta ɗora a cinyarta tana mulmula shi, har barci ya kwashe ni.