Na Je Jos Mayar wa Sale Goransa

Asabar: tashi daga Wudil

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana sallame salla, na saɓa jakata zan fita. Matata Hajara ta biyo ni har zaure da ƙullin gyaɗa, tana cewa, "Baban Ummi, kai da ko ruku'u sai ka dafa gwiwa, me za ka je yi wurin 'yan rawa?" Na ce, "Ba rawa zan je yi ba, kayan wani zan mayar." Ta san zancen, sai ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Ku da ba ku san shi ba, bari in warware muku kafin mota ta cika. Sunana Habu, gyaran rediyo da talabijin nake yi. Shekara ashirin da wani abu da suka wuce, mu ne 'yan rawar birek na garin nan. A gidan kallo muka fara ganinta a kaset, samari a Amurka suna juyi a kan ƙoƙon kai, muka ce wallahi mu ma sai mun yi. Bayan la'asar sai mu sulale bayan gada, mu shimfiɗa kwalin firji a kan tsandauri, mu kunna rediyo mai batir shida. Kai, mun sha duka a gida saboda yagaggen wando!

Gwaninmu shi ne Sale, ɗan masunta. Shi ya ƙago wani salo: ya kifa ciki a kan hannayensa yadda masunci yake hawa gora a ruwa, ƙafafu suna tuƙi a sama, ya yi ta juyawa, sai kwatsam ya kife a kan kafaɗa ɗaya kamar goran ya juye da shi. Muka sa masa suna Gora. Dokar wannan rawa kuwa ɗaya ce a ko'ina: kana iya koyon salon wani, amma sai ka faɗi sunan mai shi. Wanda ya ɗauka ya ce nasa ne, ya gama zubar da mutuncinsa a fage.

Ni na karya dokar. Da aka tura ni Jos koyon sana'a, na shiga wata gasa na ci da Gora. Aka tambaye ni inda na samo shi, bakina ya ce, "Nawa ne." Na kuma koya wa ɗan maƙwabcinmu, Bitrus. Bitrus ɗin nan yanzu yana cikin manyan 'yan birek na duniya, yau yana Faransa, gobe yana Japan. Watan jiya wani bidiyonsa ya zagaye wayoyin Wudil, yana cewa salon da ya ɗaukaka shi daga wurin Oga Habu na Wudil ya samo shi. Mutane suka yi ta zuwa shagona taya murna.

Sale kuwa shekara shida ke nan ba ya tashi, tun hatsarin babur da ya yi a hanyar Indabo. A ƙofar gida yake wuni yana ɗinkin komar kamun kifi. Da na bi ta wurinsa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Barka da arziki, mai Gora." Tun daga ranar gaisuwarmu ta koma "lafiya" da "lafiya lau". Abokina na ƙuruciya ke nan. Da na ji Bitrus zai zo Jos da manyan baƙi a yi gasa ranar Lahadi, na ce to, rana ta zo.

Motar Birnin Kudu ta cika ƙarfe shida da minti goma, naira dubu uku. Kafin mu tashi na leƙa kogi, na hango masunta biyu sun riga sun shiga ruwa.

Birnin Kudu zuwa Ningi

Mun wuce Kacako gari ya gama wayewa, muka shiga Birnin Kudu bakwai da minti arba'in, tafiyar kilomita tamanin da 'yan kai. Na sha shayi da ƙosai a tasha, na hau wata ƙaramar mota ta Ningi. Direban dattijo ne mai surutu, ya saka ni a gaba tare da wani mai buhun barkono. Atishawa muka yi ta yi har kwanar Babaldu.

Bayan kwanar akwai shingen jami'an tsaro. Wani ya leƙo ya ce a buɗe jaka. Ya zaro tsohon takalmin kambas ɗina, wanda tafinsa ya cinye ta gefe ɗaya, ya juya shi ya ce, "Baba, wannan fa?"

"Na rawa ne, ranka ya daɗe."

Ya dubi furfurar gemuna, ya dubi tumbina, ya fashe da dariya. "Allah ya ba da sa'a, amma a tafi da man zafi."

Direba ya riƙe wannan magana har Ningi. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Ɗan rawa, ka ji kiɗa?" Na ƙyale shi, don da ya gan ni ina da shekara sha tara da bai yi ba.

Mun isa Ningi goma saura minti goma. A nan na zauna sa'a biyu cur ana jiran fasinja uku. Na ci masa da miyar taushe, ta ɗari takwas, mai daɗin gaske. Zaman nan ne ya fi wahalar da ni, don sau biyu zuciyata tana cewa, Habu, ga motar Kano can tana lodi, koma gida, wa ya aike ka? Sai in tuna Sale da allurar ɗinkinsa, in gyara zama.

Ningi zuwa Jos

Bas ta tashi sha biyu daidai, dubu bakwai. Duwatsu suka fara yawa, iska ta fara sanyi. Mun tsaya salla a Magama Gumau biyu da rabi, muka wuce Tilden Fulani, muka shiga Jos huɗu saura kwata. A lissafin direba, daga Wudil na ci kilomita ɗari uku da ɗoriya.

Na kama ɗaki a wani masauki kusa da tasha. Bargo ɗaya suka ba ni, na ce a ƙaro, mai masaukin ya ce, "Kai Bakano ne, ko?" Na ce na sha sanyin garin nan shekara uku tun kafin ya fara aski.

Kafin magariba na taka zuwa tsohuwar unguwarmu. Filin da muke rawa ya zama jerin shagunan sayar da waya. Bishiyar mangwaron da muke rataye rediyo an sare ta. Na tsaya daidai inda na ci gasar nan, inda na ce "nawa ne", ba wanda ya san ni, wani mai adaidaita ma har da ce mini in kauce. Kewa ta kama ni, ba ta Jos kaɗai ba, har da ta jikina na da, wanda nake umarta ya bi.

Lahadi: a fage

Sai ƙarfe biyu aka fara, bayan an taso daga coci. Wani babban ɗakin taro ne, an shimfiɗa leda mai santsi a tsakiya, mutane sun yi da'ira. Tun daga bakin ƙofa nake jin kiɗan hip-hop a ƙirjina. Na ce wa mai tsaron ƙofa ya gaya wa Bitrus cewa Habu na Wudil ya zo.

Jama'a, da gudu ya fito. Ƙato ya zama, wuya kamar turmi, amma ya durƙusa har ƙasa ya kama hannuna. "Oga Habu! Oga Habu, kai ne da kanka?" Ya ja ni wurin alƙalai: wata 'yar Japan ƙarama, wani Bafaranshe baƙi dogo, da wani ɗan Koriya da aka ce ya sha cin gasar duniya. Da ya faɗa musu ko ni wane ne, ɗan Koriyan ya rusuna mini, ya dafa ƙirjinsa ya ce, "Gora." Ashe har can sunan ya je. Suka ba ni kujera a sahun gaba, suka ɗora mini wata hula mai baki.

Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Tun da nake, ba a taɓa girmama ni haka ba. A Wudil ni mai gyaran rediyo ne da ake yi wa tsiya in sauti bai fita ba. Ina zaune ina ce wa kaina, to in ka yi shiru wa zai sani? Sale ba ya nan, ba kuma zai taɓa zuwa ba.

Rawar kuwa ta wuce inda muka bar ta. Na ga 'yar Japan ta shiga fage don nishaɗi, ta tsaya cak a kan hannu ɗaya daidai lokacin da ganga ta tsaya, ko gashinta bai motsa ba. Na ga yaran Jos da na Kaduna suna yin abin da mu a kaset kawai muke gani. Amma ladabin yana nan yadda na san shi: ba a taɓa abokin karawa, kuma in an gama sai a rungumi juna.

Wajen biyar da rabi aka gama. Bitrus ya karɓi makirfo, ya jawo ni tsakiyar da'ira, ya ce kafin ya yi Gora yau, sai mai shi ya sa albarka. Tafi ya kaure.

Na ce, "Bitrus, da Hausa zan yi, kai ka fassara musu."

Ya ce, "Ba damuwa, Oga."

Na ce, "Gora ba nawa ba ne."

Bai fassara ba. Ya dube ni yana murmushi, yana jiran ƙarashen wasan.

Na ce, "Faɗa musu. Na wani ne, sunansa Sale, ɗan masunta a Wudil. A bayan gada ya ƙago shi, ina tsaye ina riƙe masa riga. Na zo garin nan na ce nawa ne. Ƙarya na yi maka, kai kuma ka kai ta duniya ba da saninka ba. Sale yana raye, amma ba ya tafiya, kuma ya ga bidiyonka."

Murmushin ya ɓace. Ya sauke makirfo ya ce a hankali, "Oga, shekara nawa ina kiran sunanka a ƙasashen mutane?" Na ce na sani. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sannan ya juya ya fassara, tiryan-tiryan, bai rage mini komai ba. Wani daga baya ya yi tsaki, kuma ban ga laifinsa ba.

Bitrus ya ce, "Sake faɗin sunan."

"Sale."

Ya karɓi wayata, ya miƙa wa wani ya ce ya ɗauki bidiyo. Ya ɗaga hannu ya kira, "Sale!" Jama'a suka amsa. Ya sake, suka sake, har da baƙin da harshensu bai iya ba. Kiɗa ya tashi, ya faɗa ƙasa ya yi Gora, juyi takwas na ƙirga kafin ya kife. Ɗan Koriyan ya tuɓe rigar alƙalanci ya bi bayansa. Ni dai ina gefe, hawaye ya hana ni gani sosai.

Da za mu rabu Bitrus bai durƙusa ba, hannu kawai ya ba ni. Na cire hular zan mayar, ya ce, "Kai masa." Ya kuma rubuta mini lambarsa.

Litinin: komawa gida

Na bar Jos shida da rabi na safe a motar Kano kai tsaye, ta hanyar da na zo. Taya ta yi faci kafin Ningi, muka ɓata minti arba'in a gefen titi. An sauke ni a Wudil uku da kwata. Ban je gida ba, da jakata na wuce unguwar masunta.

Sale yana inda yake, koma a baje a kan tabarma. Na yi sallama, ya amsa a taƙaice. Na kunna bidiyon na ajiye masa wayar a cinya, na ɗora hular a gefe.

Ya kalla har ƙarshe. Ya sake kunnawa. Da aka zo inda ɗakin yake kiran sunansa, sai ya goge fuska da hannun riga kamar gumi ne. A karo na uku sai ya tsayar da hoton daidai inda Bitrus zai kife, ya matso da wayar kusa da idonsa.

"Wa ya koya masa ya sa gwiwar hannu a nan?"

Na ce, "Ni ne."

"Shi ya sa. A ƙarƙashin haƙarƙari ake sa ta, ba a cibiya ba. Haka zai yi ta yi har kafaɗarsa ta lalace." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. "Ɓarawon banza, ko satar ma ba ka iya ba."

Ya jawo komar gefe, ya buɗe mini wuri a tabarma. "Zauna mana, ka tsaya mini a ka. Kira mini yaron in gyara masa."

Na kira ta bidiyo, Bitrus ya ɗauka. Har aka yi kiran magariba Sale yana nuna masa da hannu, yana faɗa, shi kuma yana kwance a ƙasan ɗakin masaukinsa yana cewa, "Haka, Oga Sale?" Aikina kawai riƙe waya, har hannuna ya sage, ban kuma sauke ba.

Na shiga gida bayan salla, Hajara ta dubi fuskata ta ce, "An karɓa ke nan." Na ce an karɓa. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa direbobin da suka ɗauke ni, da Bitrus da ya fassara abin da bai so ji ba. Sale kuwa ya ce gobe in zo da wuri, wai akwai sauran gyara.