Lisans ɗin da na sauya

Da na gama karatun informatik, wato ilimin kwamfuta, a Yamai na komo Filinge, na rubuta wani ɗan tarin kod, irin wanda masu ƙera manhajar waya ke ɗauka su ɗora aikinsu a kai. Aikinsa guda ne: ya riƙe bayani a waya inda babu rezo, wato sabis na waya, ya aika in an samu. Duk wanda ya bi hanyar Abala ya san amfaninsa.

Da zan sa shi a intanet sai aka ce in zaɓi lisans, wato sharaɗin da zan bayar da shi a kai. Akwai mai tilasta wa wanda ya yi gyara ya maido gyaran ga jama'a, akwai mai cewa ɗauki, ka sayar ma in ka so. Na biyun na zaɓa, ko tunani ban yi ba. A gidanmu in an cire gero ba a hana kowa kala a gona, ni kuwa na ɗauka duniya ma haka take.

Wani kamfanin waje ya ɗauka, ya yi masa kwalliya, yana sayar wa proje-proje, wato ƙungiyoyin ayyukan raya karkara. Bai saci kome ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. In abu ya lalace ni ake rubuto wa, wani har da faɗa, ina zaune a shagon cajin waya na yayana ina jiran kuran, wato wutar lantarki.

Rannan Yaya ya dube ni ya ce, "Wai wa ka biyan ka wanga aiki?"

"Ba kowa, Yaya."

"To mi iyalinka za su ci, godiya?"

Cikin fushi na sauya lisans: duk mai samun riba da shi sai ya biya. Amma kod ɗin da na bayar da tsohon lisans ya riga ya fita hannuna har abada. Kamfanin ya ci gaba da shi, ko a jikinsa.

Wanda sharaɗin ya kama shi ne wani malamin dabbobi na Bonkuku, mai yi wa shanu allura yana karɓar ɗan ladan aiki, manhajar da proje suka ba shi kuwa a kan kod ɗina take. Ya kira ni daga kasuwar Baleyara.

"Malam, proje sun ce mu ma ƴan kasuwa na, mu bar naka mu koma na kamfani. Ba mu da halinsu. Mi munka yi maka?"

Na ce shi na yafe masa. Ya ce ofis ba ya aiki da maganar baki, an riga an sa hannu.

Kunya ta hana ni kiransa tun daga ranar. Sabon lisans ɗin kuwa, har yau ko mutum ɗaya bai biya ba.