Ƙyallaye Shida na Malama Na'ima

Duk wanda ya san Malama Na'ima a Maradun zai ce maka mace ce mai kazar-kazar, ba ta iya zama wuri ɗaya ba. 'Yar Bakura ce, aure ya kawo ta gidan mahauta, wajen Sahabi mai kilishi. Shekara takwas ke nan tana koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare gaba da Janbako, kullum bisa kabu-kabu, a hanyar da ko jaki sai ya yi shawara kafin ya bi ta da damina. Amma in ka tambayi hedimastanta, Malam Labaran, cewa zai yi raguwa ce. Duk wata sai ta yi fashin kwana biyu ko uku, in ta dawo ta ce zazzaɓi. Shi dai bai taɓa ganin zazzaɓin da ke bin kalanda haka ba.

Abin da bai sani ba shi ne, tun haihuwarta ta biyu al'adarta ta koma kamar an buɗe famfo. Audugar kanti ba ta kai ta awa ɗaya da rabi. A asibiti sun ba ta maganin ƙarin jini, sun ce ta je Gusau a yi mata hoto, har yau ba ta samu zuwa ba. Ban ɗakin makarantar kuwa ba ƙofa, ba ruwa. Wata rana ta sauka daga babur ta ga abin da ta bari a kan kujera, ta goge da bakin hijabi kafin mai babur ya waiwayo. Tun daga ranar, in abin ya zo, sai ta zauna gida.

Wata Alhamis cikin watan Yuli Malam Labaran ya kira ta ofis. Ya ce ya rubuta takarda a kanta, tana cikin aljihun tebur. Ranar Litinin masu duba makarantu za su zo. In suka iske ajinta ba malami, zai miƙa musu ita, su nemo wata. Na'ima ta yi lissafi a zuci. Litinin a tsakiyar kwanakinta take.

Dama ranar kasuwar Talata Mafara da ta wuce ta biya wajen Kyauta, wata tela ƙawarta, wadda ta koyi ɗinka ƙyallen al'ada irin na wankewa. Abu ne mai kauri, ninki-ninkin tawul a ciki, wata leda mai laushi a ƙasa, da maɓalli a fukafukai. Guda shida ta ɗinka mata.

"Ki jiƙa su ga ruwan sanyi, ki wanke da sabulu," in ji Kyauta. "Amma rana suka so, Na'ima, rana. In kin ɓoye su ƙarƙashin gado kamar ƙunzugun kakanninmu, kada ki zo ki ce aikina na."

Daren Juma'a jinin ya zo. Zuwa safiyar Lahadi ta yi amfani da huɗu, ta ga suna riƙewa fiye da yadda ta zata, har ta fara jin ƙarfin gwiwa. Ta wanke su, ta shanya a ƙarƙashin gado, don haka aka rene ta. Uwarta ta sha ja mata kunne cewa tsumman mace ba ya ganin rana, wani na iya yankar ƙyalle ya ɗaure mata mahaifa. Da hantsi ta taɓa su, sharkaf, har sun fara warin ruma.

Ta leƙa tsakar gida. Ga kirgi an baza a rana, ga naman kilishi jere a kan asabari, ga ruwan jinin yanka yana bin kwata, ba mai ko kallonsa. Nata jinin ne kawai abin kunya a gidan nan. Haushi ya kama ta. Ta kwashi ƙyallayen ta zaga bayan ɗaki, ta rataye su a igiya, ta lulluɓa musu mayafi shara-shara. Jiri na ɗibarta, ta koma ta kwanta.

Da la'asar ta zaga, igiya wayam.

Uwar mijinta, Inna Lantana, ta yafito ta daga bakin ƙofa, ta ja ta ciki, ta sassauta murya.

"Ke ɗiyar nan, mi ka damunki? Gidan da mutane ka shiga da hita, ki baje wanga abu hili? Allah Ya sa ni nig gani."

"Inna, ina suke?"

"Tun kahin azahar na kwashe miki su. Ga su can cikin kwalla, na ruhe da marhi, ko ƙuda bai gani ba."

Tsohuwa tana jiran godiya. Na'ima ta buɗe kwallar, ƙyallayen na cure wuri ɗaya, a jiƙe, da ɗumi. Ta so ta yi ihu. Amma me za ta ce wa matar da ta yi don ta tsare ta? Ta ce, "Na gode, Inna." Kafin magariba hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ta koma ga tsofaffin tsummoki, ta adana busassun biyun nan saboda gobe.

Ranar Litinin ta sa baƙin zane da baƙin hijabi, ta ɗaura ɗaya, ta jefa ɗayan a jaka tare da audugar kanti. Duk ramin da babur ya faɗa sai ta runtse ido. Da ta sauka ta saci kallon kujera, ba komai. Na farkon ya kai ta har ƙarfe goma, ta roƙi wata mata a maƙwabtan makaranta ta shiga ta canza.

Ƙarfe goma aka ce baƙin za su iso. Sha ɗaya shiru, sha biyu shiru, wai motarsu ta kafe a laka. Wajen ɗaya da rabi ta ji ƙyallen ya yi nauyi. Ta ɗauki jaka ke nan za ta fita, sai ga mota ta tsaya. Malam Labaran ya bi aji-aji yana cewa kada wanda ya motsa daga wurinsa. Kuma daga aji ɗaya suka faro.

Sai biyu da kwata sufeton ya shigo ajinta, wani dogo mai tabarau. Ya zauna a baya, Malam Labaran ya tsaya bakin ƙofa. Na'ima ta fara darasin rabawa, muryarta na fita daidai, ƙafafunta a matse. Tana cikin rubutu ta ji abu mai ɗumi ya bi cinyarta, ya gangaro gwiwa, ya sauko idon sawu. Ta dubi ƙasa. Ɗigo biyu a kan siminti, ja wur. Ta ɗora takalminta a kai, ta ci gaba da magana daga nan inda take, tana miƙa hannu iyakar inda alli zai kai.

"Malama," in ji sufeton, "zo ki duba min aikin yarinyar nan ta baya."

Yara arba'in suka zuba mata ido. Ta ɗaga ƙafa, ta taka.

Daga bakin ƙofa Malam Labaran ya ga wurin. Ya dubi ƙasa, ya dubi bayanta, fuskarsa ta canza. Sai ya tako a hankali kamar mai son karanta allo, ya ɗora takalminsa a kan jinin, ya harɗe hannu a baya. Dattijon da ko kashin kaza ya taka sai ya wanke takalmi sau uku, nan ya kafe har aka gama darasi. Sufeton ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce madalla, ya fita. Hedimasta bai raka shi ba sai da ya sallami yaran duka.

Da motar ta tashi ya dawo, ya tsaya daga waje. Na'ima na jingine da bango, kunya kamar ta kashe ta.

"Malama," ya ce, idonsa a ƙasa. "Zazzaɓin nan… shekara nawa?"

"Ukku, Malam."

Ya ɗago kai. "Takardar ga ba ta zuwa ko'ina. Amma shekara ukku ina rubuta ki raguwa. Don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

Hawayen da ta riƙe tun safe suka zubo.

"Da wane baki, Malam?"