Dambun Gwaggo Asabe

Gwaggo Asabe na dire akushin dambu a gabanmu, na ji abokina Sadiƙu ya ce "Innalillahi" ƙasa-ƙasa.

Shi ya jawo wa kansa. Tun muna kan babur daga Rano na gaya masa, in muka shiga Tarai gaishe-gaishe kowane gida sai an kawo abinci, don haka 'yar loma ake yi a tashi. Amma mutumin naku ɗan birni, gidan farko ya share tuwon dawa tas, a na gaba ya kora da fura.

Ga shi gidan Gwaggo ne na ƙarshe. Yayar babana ce, tun bara take fushi da ni don na tsakuri dambunta na bari. Yau ma, duk dabarata, cikina ba wuri.

Ta zauna a bakin ƙofa ta zuba mana ido. "Ko shi ma baƙon naka irinka ne, mai raina abincin ƙauye?"

Sadiƙu ya dube ni, ya sassauta tazuge, ya gyara zama. "Gwaggo, a ƙaro mana man ƙuli."

Jama'a, sai da muka ga gindin akushin nan! Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta ce ta yafe mini albarkacinsa, ta kamo zakara ta ba shi.

A hanyar komawa, ga zakara a hammata, duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Don Allah a hankali, dambun na wuya."

Abokin da ya sayar da cikinsa don ya shirya ka da gwaggonka, da me ake saka masa? Ku ba ni shawara.