Motar da Sai Ta Huce Take Tashi

Shekarun baya, can ƙarshe-ƙarshen zamanin Turawa, lokacin da in mota ta shigo Kontagora har tsofaffi sai sun miƙe sun kalla, ni direba ne. Wata babbar motar katako nake ja, ta wani attajiri a garinmu. Gyaɗa da kaɗanya muke kwasa mu kai tashar jirgin ƙasa a Zungeru, fasinjoji na zaune bisa buhuna, mu dawo da gishiri da kananzir da atamfa. Ina saurayi a lokacin, ga hula a karkace, ga ji da kai kamar ni na ƙera motar. In kun gan ni yau da sandata ba za ku yarda ba.

Motar nan tana da wani mugun hali. In tana tafiya, lafiya lau. Amma ka kuskura ka kashe ta da zafinta, to nemi inuwa ka zauna. Ka murɗa ƙarfen tayarwa har kafaɗarka ta sage, sai dai ta yi tari ta yi shiru. Abokina, wani maƙeri da ya koyi kanikanci a garejin En'e, shi ya bayyana mini dalili. Bututun da injin ke shaƙar iska da fetur ta cikinsa yana kwance ne daidai bisa bututun hayaƙi. Muddin ana gudu, iska na busa su. Da an tsaya, sai zafin na ƙasa ya hau na sama ya gasa shi, fetur ya tafasa a cikin kafireta. Maganin da direbobi suka sani shi ne a buɗe bonet, a jiƙa buhu a lulluɓe bututun, a jira.

Tsayawa kuwa dole ce. Babu gidan mai a hanya, a garwa muke ɗaukar fetur, kuma ba mai hankalin da zai zuba fetur inji na aiki. Wurin tsayawarmu wani ƙauye ne kafin Tegina, a bakin rafi, ƙarƙashin wata ɗorawa. Nan ake zuba mai, a ƙara wa lagireto ruwa, a yi sallar azahar.

Nan kuma wata mata take sayar da kunu. Bazawara ce, Bakambara, mijinta ya rasu ba su daɗe da aure ba, ta dawo gidan kawunta. Hausarta a ɗan karye take, da wata lanƙwasa a ƙarshen magana wadda har yau in na ji mai irinta a kasuwa sai na waiwaya. Ranar farko ta ga ina ta fama da ƙarfe, gumi na zuba, ta ajiye ludayi ta gangara rafi ta dawo da jiƙaƙƙen buhu.

"Direba, shimfiɗa mata wannan ka zo ka zauna," in ji ta. "Ba a tashin mai fushi da ƙarfi."

Na zauna. Wallahi daga wannan rana na daina jin haushin motar.

Duk zuwa haka ake yi. In kashe mota, ta kawo buhu, in lulluɓe bututu, in koma kan saiwar ɗorawa da ƙwaryar kunu. Fasinjoji na mita, ni ina girgiza kai ina cewa, "Ku yi haƙuri, halinta ne." Hira muke yi ta ba komai. Ta tambaye ni ko gaskiya ne jirgin ƙasa ya fi ƙauyensu tsawo. In tambaye ta sunan abu kaza da Kambarci, in faɗa, ta yi dariya har ta rufe baki da gefen zane. In buhun ya bushe ta sake jiƙo shi. Ni da nake cika baki a tasha, a gabanta ban taɓa iya faɗin abin da ke raina ba. Kullum sai in ce zuwa na gaba. Ai motar za ta sake ƙin tashi.

To, wata rana garin wannan jira sai muka makara wa jirgi. Kayan maigida suka kwana a tasha, ruwa ya taɓa gyaɗar. Da na dawo ya kira ni zaure.

"Kai yaro, mota ce kake ja ko jaki? Gobe ka kai wa abokin nan naka ita. In ba ta gyaruwa a faɗa mini."

"Ranka ya daɗe, ai jiƙaƙƙen buhu ma yana yi."

"Buhun ne ya kai mini kaya jirgi?"

Na tashi na fita.

Abokina ya yi aikinsa da zuciya ɗaya, Allah Ya jiƙansa. Ya yanka garwar kananzir ya buge ta ta miƙe, ya lanƙwasa ta ya kafa tsakanin bututun biyu, yadda zafin ƙasa zai bugi kwano ya watse. Ya sassaƙa guntun icen kirya ya huda shi, ya sa a ƙarƙashin kafireta don kada ƙarfe ya taɓa ƙarfe. Siririn bututun fetur ma ya janye shi gefe, nesa da wuta. Ni ina tsaye a kansa ina ta kawo ƙabli da ba'adi.

"Anya icen nan ba zai kama da wuta ba?"

"Ba zai kama ba."

"Kwanon fa, ba zai dame mu da ƙara ba?"

Ya ɗago ya dube ni, hannunsa duk baƙin mai. "Kai, tunda nake ban taɓa ganin direban da ake gyara masa mota yana ɓata rai ba. Wace ce?"

Na ce masa ya ji da aikinsa. Ya yi ta dariya har ya gama ɗaure noti.

Gyara ya yi kyau, kyau mai ban takaici. Muka isa ɗorawa, aka zuba mai, aka yi salla, na murɗa ƙarfe sau ɗaya tak, mota ta ɗauka. Fasinjoji suka hau yi wa maƙeri addu'a. Mai kunu tana tahowa daga rafi da buhu yana ɗigar ruwa, ta tsaya cak. Kunun da ta zuba mini ko rabi ban sha ba. Na ɗaga mata hannu, na ja mota. Ban taɓa jin hanyar Zungeru ta yi mini tsawo kamar ranar ba.

Haka aka yi ta yi. Sannu, sannu kadai, ina gajiya, sai mun dawo. Maigida na ta yabo, ni kuwa abinci ma ya daina yi mini daɗi. Ana nan sai wata tsohuwa mai fataucin daddawa, wadda ba ta rabuwa da motata, ta matso kusa da ni a hanya.

"Ɗan nan, mai kunun nan taka fa akwai wani manomi daga wajen Bobi da ke ta zarya gidan kawunta. An ce bayan girbi za a ba shi amsa. Na dai faɗa maka."

Dawa kuwa ta riga ta sunkuya a gonaki. Da jin haka, saura kaɗan in zuba mu a rami.

Zuwa na gaba da muka tsaya, aka gama komai, kowa ya hau. Ni kuma na tsinci kaina na buɗe bonet ina kallon inji, ban san abin da nake nema ba. Hannu ne ya saba. Mai kunu ta taso ta tsaya gefena, ta leƙa, ta ga kwanon, ta ga icen. Ba ta je rafi ba.

"Direba, motarka ta warke. Tun daga nesa nake jin muryarta ta sauya. Ba ta son buhuna kuma."

"Haka ne."

"To me kake jira?"

Daga sama wani Banufe mai fataucin goro yana cewa, "Malam direba, jirgi fa." Tsohuwar daddawa ta ce masa ya yi wa mutane shiru. Na duba hagu, na duba dama, babu abin da zan laɓe a bayansa.

Na ce, "Ni ne ban warke ba. Da ina samun zama da ke, yanzu ba na samu. Kuma na ji zancen mutumin Bobi. Ina son ki, aure nake so."

Ta murza gefen zanenta. Sannan ta ce, "Duk buhunan da na jiƙa, sai yau? Ni na ɗauka sai motar ta mutu gaba ɗaya za ka yi magana." Ta nuna wani gida da haɓa. "Ga gidan kawu can, mai rumbu a ƙofa. Kada ka zo da fasinjoji. Ka zo da manya."

Na rufe bonet. Motar ta tashi bugu ɗaya. Tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga saman buhuna, Banufe na tambayar me ya faru.

Baffana da abokina maƙeri su suka je. Ba a sha da sauƙi ba, don kawun ya ce bai yarda da mutumin da gidansa ke kan taya ba. Ita ce ta tsaya kai da fata. Kafin a gama sussuka aka ɗaura, na kawo ta Kontagora a gaban motar nan, tana riƙe da ƙullin kayanta a cinya, tana tsoron kowace gada.

Kawun bai yi ƙarya ba. Da maigida ya ga mota ta daina ɓata lokaci, sai ya ƙara mini hanya. Daga Zungeru aka koma Kano, aka koma Ikko. Motoci suka yi ta sauyawa, kowace ta fi ta baya lafiya, ba wadda ta sake zaunar da ni. In shigo gida a gajiye, in ci tuwo, in yi barci, da asuba in fita. Ita ta yi renon 'ya'yanmu, ta aurar da su, Hausarta ta miƙe har lanƙwasar nan ta kusa ɓacewa. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Abin da takan ce kawai in ina ɗaura agogo shi ne, "Direba, sai yaushe?" Har ta tsufa ba ta sauya mini suna ba.

Mun yi zaman lafiya, alhamdu lillahi, ba ni da abin cewa. Amma in na zauna na tuna, ban ga lokacin da na zauna da ita haka kawai, ba inda za ni, ba abin da ke kirana, kamar wancan zama na jiran inji ya huce ba. A lokacin gani nake somin-taɓi ne, babban zaman yana gaba. Kullum ina ce mata in na ajiye tuƙi za mu zauna mu yi hira har ta gaji da ni.

Na ajiye tuƙin kuwa, da idona ya fara rauni. Na sa aka yi mana rumfa a tsakar gida, na sayo tabarma sabuwa. Ba ta ga daminar da ta biyo baya ba. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta.

Ina kewarta, ba na jin kunyar faɗa. Yara kan zo su gaishe ni a tsaye, makullin mota a hannu, su ce, "Baba, sauri muke yi." Nakan ce Allah Ya kiyaye hanya, don na san yadda abin yake. Sai in koma rumfa in zauna. Yanzu ina da lokaci, wallahi har ya yi mini yawa.