Inda Idon Gajere Ke Kaiwa

Rubuta, amarya, kuma kada ki gyara mini magana. Yadda kakanki ya faɗa haka za ki sa.

Abokina mai shagon littattafai Gajere ake ce masa, kuma ba sharri aka yi masa ba. In muka tsaya tare, a hammatata hularsa ke ƙarewa. Ni kafinta ne, ni na buga masa kantocin da yake jera kaya. Ko harafi ɗaya ban sani ba, da launin bango nake gane littafi, amma kullum da la'asar ina kan bencinsa yana karanta mini.

Mutumin nan yana da wani hali. Ba ya damuwa da marubutan da suka yi suna. Ya kan ce, "Waɗannan ko a ƙarƙashin gado ka ɓoye su sai an zo nema." Sai ya miƙa mini nasu in tura masa can sama, wai su sha ƙura. Na sababbi kuwa, waɗanda ba wanda ya san su, shi da kansa yake jera su daidai idonsa, ya goge su da hannun riga. Amma na saman ake ta kwasa, nasa na zaune. Ya yi ta tsaki yana cewa mutanen yanzu ba su san abu mai kyau ba.

Wata rana wata mai ɗinki ta kawo littafin da ta rubuta, mai koren bango. Ya karanta mini shi, wallahi sai da na share ido. Ya ba shi wuri mafi daraja, saitin hancinsa. Ta riƙa leƙowa tana dubawa, yana nan yadda ta bar shi. Rannan ta ce, "Baba, in wannan bai tafi ba, na biyun da ke cikin akwatina murhu zan hura da shi, in koma kan kekena." Gajere ko abincin rana bai iya ci ba.

Ana nan sai ƙwan lantarkin shagon ya mutu. Na kawo masa wata 'yar kujerar katako ya hau, ina riƙe da ƙafafunsa. Ya sa ƙwan, amma bai sauko ba. Sai ya tsaya yana bin kantocin da kallo.

"Kai dogo," ya ce, "haka kake ganin shagona?"

"Haka kowa ke gani."

"To ai manyan nan ne a gaban idona! Ina koren?"

"Ga shi can wajen cibiyata."

"Shekara da shekaru ka sani ba ka faɗa mini ba?"

"Ka tambaye ni? Ni na ɗauka tsarinku ne na masu karatu."

Ya zage ni tas daga kan kujerar, ni kuwa dariya har na kusa sakin ƙafafunsa. Ashe duk zamansa wurin da yake hukunta manya shi ne idon masu saye, 'ya'yan gatan nasa kuwa sai wanda ya duƙa ɗaure takalmi ke ganinsu.

A ranar muka juya shagon. Manya suka sauko ƙasa, sababbi suka hau. Koren ya sa shi yana fuskantar ƙofa, ba a gefe ba. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba rububi aka yi ba. Yau wani ya ɗaga ya ajiye, gobe wata ta saya. Masu neman manyan kuma suka duƙa suka ɗauka, ba wanda bayansa ya karye.

Da mai ɗinkin ta dawo, ƙasa ta duba inda ta saba. Ba ta gan shi ba, idonta ya kawo ruwa, ta ɗauka an kwashe mata. Gajere ya ce, "'Yata, ɗaga kanki." Ta ɗaga, sai ga shi an saye, saura kaɗan.

Na biyun bai ga murhu ba. Rawaya ne bangonsa, shi ne wannan da ke ƙarƙashin matashina. Daga ranar, duk littafin da aka kawo, sai Gajere ya hau kujerar nan kafin ya zaɓa masa wuri. Har Allah Ya yi masa cikawa bai mayar mini da ita ba, kuma na yafe.

Ajiye biron haka, ɗauko rawayan ki karanta mini.