Ranar da Mahaifiyata ta Kai Amanar Mutane a Ƙona

Shekarun baya, lokacin da yaƙin Sham yake kan ganiyarsa, ina aiki a wata maktaba a Rusaifa, irin shagon nan da ake sayar da littattafan makaranta da alƙaluma, ake kuma ɗaukar hoton takardu. A Makka aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, mahaifiyata ce kawai ta zo daga Kano tana amarya. Aikina kullum bai wuce iƙama, wato katin izinin zama, da fasfo da takardun jarrabawa ba: in ɗora a kan na'ura, in danna, in miƙa.

Shagon da ke jikin namu na wani dattijo ne mutumin Halab ta ƙasar Sham, mai gyaran agogo. Ya haura saba'in, ya kuma daɗe a Makka fiye da shekarun haihuwata. Ammu nake ce masa, kamar yadda ake kiran manya a nan. Mukan sha shayi tare bayan La'asar, amma ba mai yawan magana ba ne, sai dai ya tambaye ka lafiyar gida ya koma kan agogonsa.

Wata Alhamis ya shigo shagonmu rungume da wani abu a naɗe cikin baƙin ƙyalle, an ɗaure da zare. Ya jira har masu saye suka ragu, sannan ya kwance. Wani tsohon littafin rubutu ne, takardunsa sun yi ja, gefensu na marmashewa. Rubutun ciki kuwa ban taɓa ganin irinsa ba, ba Larabci ba ne, ba boko ba, wasu haruffa ne masu ƙugiya kamar an jera sanduna an lanƙwasa kawunansu. A tsakiyar littafin akwai silin kitso guda, siriri.

A ranar na fara jin cewa mahaifiyarsa ba Balarabiya ba ce. 'Yar Armeniyawa ce, wata al'umma ta Kirista mai harshenta da haruffanta, waɗanda aka kora daga garuruwansu a lokacin yaƙin duniya na farko, aka bi da su ta hamadar Sham, mafi yawa suka ƙare a hanya. Tana da kamar shekara goma, ita kaɗai ta rage a gidansu. Wasu Larabawa suka ɗauke ta suka raine ta, suka canza mata suna, ta musulunta, ta yi aure a cikinsu. Ba ta taɓa koya wa 'ya'yanta harshen ba. Sai bayan rasuwarta suka tsinci littafin. Littafin ya zauna a gidansu na Halab wurin ƙanwarsa, har ranar da yaƙi ya sa ta gudu da shi a jakarta, gidan ya rushe a bayanta. Ita ta aiko masa da shi ta hannun wani mai Umara.

Ya ce 'yarsa ta samo wata marubuciya a Beirut, Ba'armeniya, mai rubuta labarai da harshensu, tana kuma tattara rubuce-rubucen irin waɗannan mata da suka tashi a gidajen Larabawa. Matar ba za ta iya shigowa Makka ba, shi kuma ya rantse ba zai sa littafin a gidan waya ba. Abin da yake so shi ne in ɗauki hoton kowane shafi a aika mata.

Na duba na ga idan na danna littafin nan a na'urarmu, a hannuna zai wargaje. Sai na ce ya bar mini shi in tafi da shi gida, gobe Juma'a babu aiki, in ɗauka da waya a hankali a hasken rana. Bai saki littafin ba. Na shiga yi masa alkawura irin na mutumin da bai taɓa ɓatar da komai ba sai makullin mota sau uku. A ƙarshe ya mayar da ƙyallen ya ɗaure, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na isa gida na tarar 'ya'yan yayata sun zo kwana, gidan kamar kasuwa. Na rasa inda zan ɓoye shi, sai dabarata ta ba ni in tura shi ƙarƙashin filona. Ban gaya wa kowa ba. To, a lokacin ina da shekara talatin da ɗaya, ban yi aure ba, an kawo mini maganar 'yan mata biyu na zame, ga shi na rame saboda ciwon ciki. Mahaifiyata ta daɗe tana zargin akwai hannu a lamarina.

Da safe na makara, na ce bari in je Harami da wuri in samu wuri a inuwa, in na dawo sai in yi aikin a natse. Na dawo bayan Juma'a na tarar an canza zanin gado, an jera filo tsaf, babu komai a ƙarƙashi. Na ɗaga katifa, na leƙa bayan gado, na zazzage kwandon wanki. Sai na ji muryar mahaifiyata daga bakin ƙofa tana cewa in daina wahalar da kaina, Allah ya riga ya tona asirin wanda ya yi.

Ta zauna ta ba ni labari dalla-dalla, fuskarta fes, irin ta wadda ta gama babban aiki. Ta ga baƙin ƙyalle, ta ga zare da ƙulli, ta ga gashin mace, ta ga rubutun da ba na mutane ba, kuma a ƙarƙashin kan ɗanta. Ba ta tsaya neman shawara ba, ta sa shi a leda ba tare da ta sake taɓa shi da hannu ba, ta tari tasi zuwa unguwar Zahir wurin Malam. Malam aminin marigayi mahaifina ne, Basakkwace, wanda mutanenmu ke kai wa irin waɗannan abubuwa ya yi tofi ya warware. Ya ce mata ta tafi gida, bayan an sauko Juma'a zai yi abin da ya kamata.

Na san abin da ya kamata ɗin. A kwance ƙulli, a jiƙa takarda a ruwa har tawada ta narke, a ƙona abin da ya rage.

Ban tuna abin da na ce mata ba, na dai tuna na fito da takalmi wari daban-daban. Na kira wayar Malam, a kashe. Hanyar Zahir ba ta da nisa, amma ranar masu dawowa daga Harami sun cika titi, kowace danja sai ta tsayar da ni. Ina zaune a mota zufa na zuba, ina jera kalmomin da zan gaya wa Ammu, babu wadda ta zaunu. Ga wani tsoron kuma daban: a shekarun nan maganar sihiri ba abin wasa ba ce a ƙasar nan, kuma mu baƙar fata an fi saurin jingina mana ita. Idan wani ya gani ya kai ƙara, ni da dattijon nan sai mun yi bayanin rubutun da babu mai iya karantawa a cikinmu.

Matar Malam ce ta buɗe mini. Ina shiga tsakar gidan na ji ƙaurin ƙonannen yadi. A gefen famfo ga kasko da toka a ciki, ga roba cike da ruwa. Na zauna a kan dakalin da ke wurin. Ta ce Malam ya ɗan kishingiɗa, ba a tashinsa sai an kira La'asar. Na leƙa robar, ruwan garau yake, amma na ce wa kaina wataƙila an zubar da na farko. Kusan awa guda na yi a wurin ina kallon tokar nan.

Da Malam ya fito alwala ya gan ni, bai yi mamaki ba. Ya amsa gaisuwata, ya tambayi jikina, ya yi alwalarsa a natse har da tsefe gemu, sannan ya ce in biyo shi ɗakin karatu. Littafin yana kan teburinsa, a buɗe, ya ɗora masa tabaransa. Kitson yana gefe a kan farar takarda.

Na durƙusa ina ba shi labari, maganar na harɗewa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce ƙyallen da zaren kam ya ƙona su tun da safe, don hankalin mahaifiyata ya kwanta kafin ta tafi. Littafin ma ya ɗebo masa ruwa. Sai ya ce bari ya duba tukuna. Ya yi shekaru yana aikin alhazai a Mina, ya ga rubutu iri-iri a fasfo da jakunkuna, wannan dai bai san shi ba. Amma ya jawo ni kusa ya nuna mini wani shafi da yatsa.

"Duba nan, ɗana. Layukan gajeru ne, tsawonsu ɗaya. Duba ƙarshen wanga, da wanga, da wanga. Haruffa guda ke dawowa. Mai sihiri ba ya wahalar da kansa da amsa-amo. Wanga waƙa ce."

Ya nuna mini wani shafin mai tabon mai, ya ce wannan a kicin aka rubuta shi. Sannan ya gaya mini cewa yana saurayi, wani ma'aikacin binciken kaya ya taɓa zare waƙar ajami ta mahaifinsa daga kayansa ya yayyaga a gabansa, wai laya ce. Tun ranar ya yi wa kansa alkawarin ba zai hallaka rubutun da bai karanta ba. Ya yi niyyar ya kira ni bayan La'asar ya ji daga bakina.

A ɗakin nasa na ɗauki hotunan, shafi bayan shafi, shi yana riƙe mini gefen takarda. Ban yarda na sake kai littafin gidanmu ba.

Washegari na kai wa Ammu a cikin ambulan. Na yi tunanin in ce ƙyallen ya faɗi a mota, amma na kasa, na faɗa masa komai. Ya buɗe littafin ya ƙirga shafukan, ya duba kitson. Daga baya ya ce ƙyallen ɗankwalin mahaifiyarsa ne, shi ne a kanta ranar da ta rasu. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Kwana uku ba mu sha shayi tare ba.

Mahaifiyata da ta ji, sai ta ce in kai ta. Ta yanko wani farin yadi mai laushi daga kayanta, ta kalmashe bakinsa da hannu, ta soya funkaso, muka je. Ta tsaya a bakin shagon da Larabcinta na kasuwa ta ce ya yafe mata, tsoro ta ji wa ɗanta. Ya miƙe tsaye ya karɓi yadin.

"Hajiya, ba ke kika fara ba," ya ce. "Shekara arba'in ta yi tana ɓoye shi a ƙasan buhun gari, don kada dangin mijinta su gani su ce abin da kika ce."

Bayan kamar wata guda marubuciyar ta kira, Ammu ya sa wayar a amsa-kuwwa ya ce in zauna. Ta ce littafin ya ƙunshi sunayen 'yan gidan su mahaifiyarsa ɗaya bayan ɗaya, da sunayen maƙwabta gida-gida kamar mai bin layi, da yadda ake wasu girke-girke, da waƙoƙin reno, da wasu waƙoƙi nata na kanta a kan wani kogi. Kitson na ƙanwarta ne da ta mutu a hanya. Sai ta fara karanta ɗaya daga waƙoƙin da harshensu. Ba mu fahimci komai ba, har ta zo kan wata kalma, hokis, da ke dawowa a ƙarshen kowane baiti. Ammu ya dakatar da ita. Ya ce ai wannan sunansa ne, haka mahaifiyarsa take kiransa idan su biyu ne, duk rayuwarsa ya ɗauka sunan wasa ne ta laƙaba masa. Matar ta ce ma'anarsa ruhina. Na tashi na fita waje na ba shi wuri.

Shekara biyu bayan haka wani ɗan littafi ya iso daga Beirut, labaran matar ne, ta sa waƙoƙin mahaifiyar Ammu uku a ciki da sunanta na asali. Ya kira ni ya ce mu nemo sunan. Daga ni har shi babu mai karanta harafi ɗaya. Muka buɗe shafin farko na tsohon littafin inda aka ce mana sunan yake, muka riƙa gwada siffa da siffa da gilashin da yake duba agogo. Mun fi rabin awa kafin mu same shi a saman wani shafi. Ya ɗora yatsa a kai, ya bar shi nan har aka kira sallah.

Yanzu Malam ya rasu, Ammu ya rufe shago ya koma wurin 'yarsa. Har yau idan na tuna tokar nan a kasko sai in yi wa Malam addu'a. Ɗankwalin kuwa ban daina jin nauyinsa ba. Abin da ya fi zama mini shi ne, mahaifiyar Ammu ta yi shiru da harshenta saboda tsoro, mu kuma babu wanda ya hana mu namu, amma 'ya'yan yayata idan an yi musu Hausa da Larabci suke amsawa, ni ma a lokacin ban san sunan unguwar da aka haifi mahaifiyata ba. A makon da littafin Beirut ya iso na tambayi mahaifiyata. Ta dube ni kamar na makara, ta faɗa, ta faɗi na maƙwabtansu, ta bi layin gida-gida har bakin rijiya. Na jawo takarda na ce ta sake daga farko, a hankali.